Wanda Ya Haƙa Rijiyar Kasuwa

Tsohuwar da duk ƙauyen ke kira Gwaggo tana tsince wake surukarta ta kawo mata labari. Wai hedimasta ya rubuta tarihin ƙauyen, gobe mai fenti zai zana shi a bangon makaranta, kuma a layi na uku an ce mahaifinta ne "mutumin da ya fara faɗawa rijiyar kasuwa."

Ta ajiye faifai. Takalmi ma ƙafa ɗaya nata, ɗaya na surukar, a haka ta isa ofis.

Hedimasta na zaune bayan wani tebur da aka tokare da bulo. Ya miƙe zai gaishe ta.

"Riƙe gaisuwarka, ɗan nan. Wata bakwai ubana yana haƙa rijiyar nan da hannunsa. Da ruwanta uwarka ta wanke maka kashi. Shi ne ba ka samu abin rubutawa ba sai ya faɗa?"

"Gwaggo, ba ni na ƙirƙira ba. Daga bakin tsohon wanzami na ji."

Aka kira wanzami, ya iso yana dogara sanda.

"Haƙawa kam ya haƙa," in ji shi. "Amma ranar da ruwa ya fito, ya hau bakinta zai yi wa jama'a jawabi, sai muka ji tsundum. Ni na riƙe igiya. Ke lokacin kina goye."

"Tun yaushe mai aske ƙeya ya zama shaida? Kai bayan mutane kawai ka sani."

"Hularsa ma tana ciki har yau."

Gwaggo ta sha jin uwarta na kewar hular nan, ba a dai taɓa gaya mata inda ta shiga ba.

"To, sauka ya yi," ta ce. "Mai aiki ba ya duba aikinsa?"

"Da ka ya sauka."

"Kowa da yadda yake sauka."

Hedimasta ya soke layin, ya sake rubutawa, ya karanta mata: "Shi ya haƙa rijiyar kasuwa, shi ya fara sauka cikinta."

Ba ta yarda da karatunsa ba. Ta fizge takardar ta kai wa tela, ta kai wa mai gyaran keke, kowa ya karanta mata a keɓe. Da ta ji bakinsu ya zo ɗaya ta mayar, ta ce gobe da kujerarta za ta zo, ta zauna a gindin bangon har fenti ya bushe.