Teta Ihsan Ta Ɓoye Sauƙi

Teta Ihsan, wato Kaka Ihsan a bakin Misirawa, ba ta taɓa yabon jikokinta a gaban baƙo ba. In ka ce yaro ya yi ƙiba, sai ta ware maka yatsu biyar a fuska don kore mugun ido, ta ce ai kumburi ne. Duk layinsu a Iskandariyya an san ta da tsoron kambun baka.

Jikarta Rudaina, 'yar shekara bakwai, ƙari ne ya fito mata a ƙwaƙwalwa, har hannun hagu ya daina riƙe abu. Aka sa ta a gwajin wani sabon magani: a ɗebi jininta, a koya wa ƙwayoyin da ke tsaron jiki gane ƙarin, a mayar mata. Bayan wata biyu yarinya ta fara ɓalle maɓallin rigarta da kanta. Teta ta shige kicin ta sha kukan murna, ta fito ta ja kunnen kowa kada a ji a waje.

Ranar ganin likita ita ta rako ta.

"Hajiya, ya hannun?" in ji Dakta Mirfat.

Teta ta saci kallon ƙofa, ga iyaye zaune reras a kan benci.

"Sai haƙuri, 'yata. Gara jiya da yau."

"Ba ta riƙe komai?"

"Ko cokali."

Likita ta ajiye biro. "Hoton kanta bai ba mu amsa ba tukuna. In hannun ma baya yake yi, dole mu tsayar da maganin."

Teta ta dubi Rudaina. Wato garin gudun bakin mutane, nata bakin zai raba yarinyar da magani! Ta miƙe da saurin da gwiwoyinta suka manta, ta rufe ƙofa, ta ja labule.

"Ce Masha Allah."

"A kan me, Hajiya?"

"Ke dai faɗa! Duk karatun nan ba a koya miki ba?"

Likita ta faɗa, har sau uku, don ɗaya bai gamsar ba. Sannan Teta ta ce, "Rudaina, gaisa da ita. Da hagu."

Yarinya ta damƙi yatsun likita ta matse, har likita ta ce wash. Dakta Mirfat ta jawo takarda tana dariya, idanunta sun ciko.

Teta ta dafe mata hannu.

"Rubuta, 'yata, a ci gaba da ba ta. Amma don Allah ki rubuta da ƙananan haruffa."