Kabad Mai Ƙafafun Ƙarfe

Ranar da kabad ɗin banɗaki ya burme da Mama, Allah ne ya kiyaye, gwiwa kawai ta gurje. Gidan tsoho ne, bangonsa danshi yake tsattsafowa rani da damina, kabad ɗin kuwa da ke riƙe da kwanon wanke fuska ashe garin katako ne aka matse aka shafa masa fenti. Ya sha laima ya kumbura kamar burodi a shayi. Mama kuma in ta sunkuya wanke fuska, sai ta dafa shi da dukkan nauyinta kafin ta iya miƙewa.

Yaya, babban ɗanta, ya yanke hukunci ta waya.

"Auta, ki haɗa mata kaya. Ƙarshen mako zan zo in ɗauke ta, ta dawo gidana."

Tun daga ranar Mama ta daina cin abinci sosai. A gidan nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife su duka. Abin ya tsaya wa Auta a rai.

Washegari ta tafi shagon kayan banɗaki. Auta dai ba ƙaramar mace ba ce, masha Allah, kuma ba ta da kunyar ciniki. Duk kabad ɗin da mai shago ya nuna mata, sai ta sunkuya ta dafa shi da hannu biyu, ta saki jiki, har da ɗan nishin da Mama ke yi. Wani mai ƙyalli da mai shagon yake ta yabo ya yi ƙara ƙiii.

"Hajiya, a hankali mana, ba benci ba ne."

"Uwata ce za ta dafa shi, malam. Bari in ji."

Na liƙawa a bango ma ta ƙi, don ta san bangonsu ko ƙusa ba ya riƙewa. Can lungu ta hango wani mummuna, toka-toka, ƙofofinsa na roba, ƙafafunsa na ƙarfen da ba ya tsatsa, sun ɗaga shi daga ƙasa yadda ruwa zai wuce. Ta dafa, ta girgiza, ta hau ta zauna. Ko gezau. Shi ne ma mafi araha, don ba mai kallonsa.

A ranar ta saya aka kafa shi. Ƙarshen mako Yaya ya iso da ƙatuwar akwati. Ya shiga banɗaki ya jijjiga kabad ɗin har gumi ya keto masa, sannan ya tsaya bakin ƙofa yana kallo Mama ta wanke fuska, ta dafa, ta miƙe abinta. Auta ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta.

"Muni gare shi," in ji Yaya a hankali.

"Kai ma haka aka ce da na haife ka," Mama ta ce tana goge fuska. "Akwatin nan bar mini ita, barguna zan zuba. Auta, zubo mini abinci."