Kada Manaja Ya So Ka

A kamfaninmu na kujeru manaja ba ya daɗewa. Kafin mu gane yadda yake son a gaishe shi, masu kamfani sun sauke shi sun kawo wani. Sunayensu ma mun daina riƙewa. An yi Mai Tabarau, an yi Sarkin Taro, an yi wanda bai kai ga samun laƙabi ba.

Abu ɗaya muka lura da shi: duk ma'aikacin da manaja ya yaba, magajinsa ne zai kore shi, wai mutumin wancan ne. Haka babban kafintanmu ya tafi, mai fenti ya bi shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Sai ga wani sabo mai yawan murmushi. Ni murmushin ne bai kwanta mini ba. Ran da ya fara zagaye ya tsaya a ɗakinmu na ɗinki, ya shafa bakin wata kujera, ya ce, "Wa ya yi wannan ɗinkin?"

Aikin Yaya ne, babbarmu a ɗakin, wadda ke riƙe da marayun ƙanenta. Shugaban ɗakin, Baba Dogo, ya ce, "Ranka ya daɗe, inji ne."

Yana fita Baba Dogo ya tura ƙofa. "Ruwa ba ya tsami banza. Me ya dame shi da mai ɗinki? Yaya, daga yau in kin ji takunsa, ki sauka daga keken ɗinkin."

"In sauka in yi me, Baba?"

"Ki ɗau tsintsiya."

Haka kuwa aka yi. Da mun ji takalminsa a matakala, Yaya ta hau sharar zare. Shi kuwa ya ce, "Sannu da aiki, Mama," ya wuce. Mu yi ta dariya, muna ganin mun iya.

Wata safiya ya shigo ba murmushin. Ya ce masu kamfani sun ba da umarni a rage mutum ɗaya a kowane ɗaki. "Masu ɗinki ba zan taɓa su ba. Shara kuwa kowa zai iya yi."

Baba Dogo ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ai ita ce gwanar ɗakin nan."

Manaja ya dube shi da tausayi. "Na san kana son ka taimake ta, Baba. Amma ban taɓa ganinta a kan keke ba."

Ya wuce ɗakin fenti. Har yau ban sani ba ko da gaske bai gane ba, ko dama yake jira, kuma haushin hakan bai sake ni ba.

Yaya ta ajiye tsintsiya. Ta zauna a kan keke, ta ƙarasa rigar kujerar da ta fara, sannan ta nemi jakarta.