Wanda Mushe Manzo Ya Cire

"Wai in cire mutum guda," in ji Mushe Manzo (Mushe muke ce wa malaman makaranta a nan), yana miƙo mini wasiƙar ta saman katangar da ta raba gidajenmu a Tanout. "Karanta, Lantana. Wai mutane sun yi yawa."

Wata mujalla ce a Damagaram ta amsa masa. Za su buga labarinsa, in ya rage shafi biyu ya mayar kafin ƙarshen wata. Ni na buga masa shi a ordinata, wato kwamfutar ofishinmu, har sau tara, don tsohon malamin lakwal ne, makarantar boko ke nan, mai taurin kai, waƙafi ɗaya sai ya hana ni cin abincin rana. Labarin haƙa rijiya ne a Ollelewa: mahaƙa huɗu, da mai kawo musu fura, da wani saurayin malami mai ba da shawarar da ba wanda ya nema. Malamin nan shi ne, shekara arba'in da suka wuce.

"Baba, ku cire mai furar mana. Sau biyu kawai ta yi magana."

"Dado? Ita ta saida akuyarta aka sayo igiya." Ya harare ni. "Duk sun rasu fa, ɗiyata. In na fidda mutum daga nan, ina kuma za a same shi?"

A satin nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi. 'Yarsa Safiya ta zo daga Belbeji jinya. Saura kwana uku wa'adin ya cika na shiga gaishe shi, na tarar da shi kan tabarma a rumfa, takardu bisa ƙirji, jan biro a hannu. Safiya ta ce ko kunu ya ƙi sha sai ya gama.

"Baba, ku bar shi haka. In sun ƙi, su suka yi asara."

"Na samu wanda bai ɗauki ko kwandon ƙasa guda ba," ya ce, har da ɗan murmushi. "Gobe ki zo ki amsa."

Washegari da hantsi aka kai shi makwancinsa.

Sai ranar ƙarshe na iya buɗe ambulan ɗin da Safiya ta ba ni. Duk inda malamin ya fito, jan layi ya bi ta kansa, a miƙe kamar da rula. Na ji haushin tsohon nan, na kuma yi kuka, domin labarin ya tsaya daram ba tare da shi ba. Har na ɗora hannu zan maido masa ko jimla ɗaya, na tuna yadda yake harara, na fasa.

Shafi biyu cif suka ragu. Kafin in tura, na sake karanta ƙarshen. Ruwan farko ya fito, jajir da laka. Dado ta ɗiba a ƙwarya ta kurɓa, ta miƙa, ƙwaryar ta zaga hannun mutum huɗu ta dawo wurinta da sauran ruwa a ciki.