Kifin da ke Ƙarƙashin Filasta

Na farfasa bangon shagon haya, kuma babu kifi a ciki.

Ni kafinta ne. Aji uku na yi na gudu, rubutu sai in yi ta kallonsa yana kallona. Babbar 'yata ce mai boko, tana jami'a, ita ta ba ni waya mai shafawa. Kullum da safe sai ta turo mini abin da ta tsinto a intanet, da saƙon murya na bayani. Yau zanen da ba komai cikinsa sai ɗigo-ɗigo, gobe kiɗan da ake yi da kofunan gilashi. Rannan wata ƙara ce kamar injin niƙa ya lalace, wai sautin tauraro ne. Na ce wa ya je can ya ɗauko? Ta yi bayanin minti huɗu, na fito ta inda na shiga.

Sai ta turo tsohon hoton layinmu, na shekara saba'in baya. Ga gini mai taga uku a sama, na biyu daga kwana, hannun dama. A bangonsa an zana ƙaton kifi, mutane na zaune a bayansa. Ta ce mai zanen ya yi suna bayan ya mutu, yanzu ana neman aikinsa ruwa a jallo.

Na fita titi na ƙirga. Na biyu daga kwana, hannun dama, taga uku. Shagona.

Na nuna wa tela maƙwabcina. Ya ɗaga tabarau.

"Sarkin zarto, kai da mai gida ta hana ka buga ko ƙusa a bangon nan?"

"Kifin yana ƙarƙashin filasta. In ta gani ita za ta gode mini."

"To in ka kamo shi, a ajiye mini kai."

Na ɗauki guduma da cizal. Ranar farko na tarar da shuɗin fenti, na ce ga ruwa, kifi na kusa. Rana ta biyu ruwan ɗorawa, ban gane ba amma na ci gaba. Rana ta uku cizal ya shige bututu. Ruwa ya keto bango ya bi ta ƙarƙashin ƙofar tela, telan ya yi ta kwashe yadin mutane yana faɗa mini abin da ba zan maimaita ba.

'Yar tawa ta zo ƙarshen mako. Ta dubi bangon, ta buɗe hoton, ta ƙara masa girma da yatsu biyu.

"Baba, ka ga allon shagon nan? Rubutunsa a juye yake."

"Ni duk rubutu a juye nake ganinsa."

"Hoton ne aka ɗora a juye. Dama hagu ce. Ginin yana tsallaken titi, inda ake wankin mota yanzu."

"To taga ukun fa?"

"Duk gine-ginen layin nan taga uku ne, Baba."

Na fita na duba. Haka ne. Shekara sha tara ina layin ban taɓa ɗaga kai ba.

Mai gida tsohuwa ce, ba ta ɗaga murya ba. Ta zo da sandarta, ta zura ta cikin ramin bangon, ta zare. Ta ce in kwashe katakona kafin wata ya mutu.

Yanzu a ƙofar gida nake aiki, a lungun da ko mai babur ba ya shiga. Masu ba ni aikin gado da kabad sun koma wurin wanda ya karɓi shagon.