Almoustapha da Littafin Zara

Almoustapha makiyayi ne, gidansa na gefen hanya kafin a shiga Dogarawa. Ko kasuwar Konni ya je, da ya gama abin da ya kai shi sai ya juya, don hankalinsa kullum na kan shanunsa. Ran nan ya sayar da maraƙi, ya sayo gishirin dabbobi da atamfar matarsa Umma, ya shiga motar hayar Ɗanjuma direba tun hantsi.

Sun wuce Tsarnawa kaɗan motar ta yi tari, ta mutu. Ɗanjuma ya buɗe gaba ya leƙa, ya ce wani abu ya tsinke, sai an kawo sabo daga Malbaza. Fasinjoji suka sauka suna gunaguni, suka taru a inuwar wata aduwa. Almoustapha ya kasa zama. Ya je bakin kwalta, ya dawo, ya sake komawa, manyan motocin siminti na ta wucewa, babu wadda ta ko rage gudu.

A gindin itacen akwai wata matashiya, Halimatussa'adiya, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Dogarawa. Ita ko a jikinta. Ta buɗe wani littafi mai jan bango da ta sayo a kasuwa, can ta yi murmushi, can ta dafe ƙirji. Wata tsohuwa mai kwandon albasa ta gaji da kallonta, ta ce ko dai ta rufe littafin ko ta karanta kowa ya ji. Malama ta ji kunya, amma ta koma shafin farko ta ɗaga murya.

Labarin wata ƙasa ce da sarkin iskoki ya kwashe mata duk koguna da rijiyoyi, ya zuba cikin tulun tagulla, ya ajiye a kan dutsen ƙarfe. Jarumai sun tafi karɓowa, babu wanda ya dawo, har da wan wata yarinya Zara, ɗiyar maƙeri. Sai Zara ta ƙera wa kanta bulalar da ke tartsatsin wuta, ta kwance farin san ubanta, ta hau.

Da ya ji an ambaci sa, Almoustapha ya tsaya. Ya matso kamar inuwa yake nema. Lokacin da rundunar masu kan kura ta kewaye Zara a kasuwar ƙasusuwa, farin san ya sunkuyar da kai ya keta su, Almoustapha ya riga ya zauna a kan buhun gishirinsa, sandarsa a gicciye kan gwiwa. Bai taɓa shiga aji ba, kuma a ganinsa littafin boko abin mutanen buro ne, masu aikin ofis. Bai san ana zuba gudu da faɗa da ƙura a cikin takarda ba. Duk inda ya ce yanzu kam yarinyar ta huta, sai wata masifar ta faɗo.

Aka tsaya aka yi azahar, aka dawo. Daidai inda Zara ta faɗa wani rami muryar malama ta fara dushewa, Almoustapha ya kwance gorar nononsa ya miƙa mata.

“Sha, ɗiyata, ki jiƙa maƙoshi. Kar ki bar ta cikin ramin nan.”

Bakanike ya iso a kan babur, ya gyara mota, babu wanda ya waiwaya. Sai da Ɗanjuma ya yi ta danna oda kafin suka tashi, da sharaɗin za a ci gaba a ciki. Aka ba malama kujerar gaba. Ɗanjuma, wanda kowa ya san shi da gudu, ya kashe rediyo ya dinga tafiya kamar mai jan amalanke. Suka ratsa Malbaza, suka wuce masana'antar siminti, Zara na hawan dutsen ƙarfe. Da aka zo daidai hanyar gidan Almoustapha, direba ya taka birki ya waiwayo.

“Mu tahi,” in ji Almoustapha. “Na komo da ƙahwa.”

A tashar Dogarawa aka kai shafin ƙarshe. Zara na tsakiyar gadar sarƙa, an soki farin sa da mashi a kafaɗa, shugaban dakarun iskoki ya cire hular ƙarfensa, sai ga shi wanta ne da ya ɓace. Malama ta rufe littafin.

Almoustapha ya jira ta juya shafi. Da ya ga ba ta da niyya, ya tambaye ta ina sauran. Ta nuna masa bango, ta ce wannan na ɗaya ne, Baba, na biyu bai zo ba tukuna, kuma ta ji an ce har na biyar za a yi. Tsohuwa mai albasa ta ce wanda ya rubuta wannan ba shi da tausayi. Ɗanjuma ya kifa kai a kan sitiyari yana dariya. Almoustapha dai tambaya ɗaya yake ta yi, ko san zai rayu. Malama ta rantse ita ma ba ta sani ba.

Ya saɓa buhunsa ya koma gida a ƙasa, yana tafe yana faɗa da wan Zara shi kaɗai.

Kasuwa na zagayowa ya nemi rumfar Habibu mai littattafai. Habibu ya ce na biyu na hanya daga Sakkwato, kuma ba shi ne na farkon tambaya ba, wani direba ma ya zo da sassafe. Almoustapha ya ce to a ba shi na ɗayan. Ya naɗe shi cikin rawaninsa ya kai wa ɗiyarsa Kubra, wadda ke lakwal.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, maƙwabta suka shigo, Kubra ta fara. Matsalar ita ce Almoustapha ya san abin da ke gaba, kuma bakinsa ya ƙi rufuwa. Ba a kai kasuwar ƙasusuwa ba ya riga ya faɗi yadda za a fita. Kubra ta ce Baffa ya bari mana. Ba a jima ba ya sake. A na uku Umma ta ce maigida ya tashi ya je ya duba shanu.

Ya fita, amma bai wuce bayan zana ba. Da Zara ta ɗora ƙafa a kan gadar, sai aka ji murya daga waje tana cewa kar ta hau, tarko ne. Tsakar gida ta kwashe da dariya, Kubra har da hawaye. Umma ta leƙa ta same shi a tsugune, ta ce ya shigo. Ta ɓare goro, ta ba shi babban ɓarin, ta ce ya riƙe a baki har a gama. Ya koma mazauninsa yana tauna, Kubra ta nemo inda ta tsaya.