Kafaɗar Baba Adebayo

Wani asibitin kuɗi a Kaduna ya ba Naila wa'adi zuwa ƙarfe huɗu na yammacin Litinin: ko ta karɓi aikin da aka yi mata tayi, ko a ba wani. Ta kammala karatun gashin ƙashi, wato motsa gaɓoɓin marasa lafiya har su koma aiki, ta kuma gama bautar ƙasa. Albashin asibitin ba shi da yawa, amma tabbas ne duk ƙarshen wata. Ita kuwa ranta yana ga bin marasa lafiya gida-gida a Zariya, inda ake biyan mutum a kan kowace ziyara. Wani makon a cika, wani makon ko waya ba ta ƙara.

Mahaifinta, Malam Umaru, wanda ke karantar da fiƙihu a zaurensa na Samaru, ba maganar albashi ce ta dame shi ba.

Da safiyar Litinin ɗin ya ce, "Arziki na Allah ne, Naila. Abin da nake tsoro kunyarki. A asibiti akwai na gaba da ke mai tsawatawa. A gidan mutane wa zai ji maganarki? Ke da in babba ya ce yi kaza, sai ki sunkuyar da kai."

"Baba, a asibiti rabin sa'a nake ganin mutum. Sauran yinin a gida ake ɓata abin da na gyara."

"To, yau zan bi ki in gani da idona. In ban gamsu ba, ki kira Kaduna ki ce kin karɓa."

Da hantsi suka hau keke napep zuwa Sabon Gari, gidan Baba Adebayo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye wata biyu da suka wuce. 'Yarsa Tomiwa, haifaffiyar unguwar, ta tarbe su da Hausa garau, ta kawo wa Malam kujera.

Tsohon ya dube shi daga kan gado, harshensa da nauyi. "Malam, addu'a ka zo yi mini, ko gadin likita?"

"Duka biyun. Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba da lafiya."

Naila ta wanke hannu ta fara aiki. Da ta taɓa kafaɗar dama, tsohon ya runtse ido. Ta ga kumburin da babu shi ranar Juma'a da ta zo duba shi.

"Anti Tomiwa, wa ya tayar da shi jiya?"

"Dattawan cocinmu ne suka zo gaisuwa, suka zaunar da shi. Akwai matsala?"

Naila ta ji idon mahaifinta a kanta. Muryarta ta yi ƙasa. "A dai riƙa lallaɓawa, don Allah."

Malam Umaru ya duba agogonsa kawai. Ta san ma'anar wannan duban: ƙarfe huɗu na tafe. Ta bi Tomiwa ɗaya ɗakin neman matashin kai da za a tallafe hannun da shi.

Kafin su dawo, tsohon ya zame daga jingina. Ya ce, "Malam, taimake ni in zauna," ya miƙo hannunsa mai lafiya, na hagu.

Malam Umaru shekara sittin bai taɓa kama hannun hagun dattijo ba. Girmamawa ta sa ya tsallake hannun da aka miƙo masa, ya ɗauko na dama daga kan zane, ya yi bismillah, ya gyara tsayuwa zai ja.

"Baba, sake shi!"

Muryar ta cika ɗakin har tsakar gida. Naila ta yar da matashin, ta damƙi wuyan hannun mahaifinta, ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Tomiwa ta tsaya cak a bakin ƙofa.

Naila ta mayar da hannun tsohon kan cinyarsa a hankali. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba.

"Wannan hannun ba shi da naman da zai riƙe kafaɗa yanzu. In aka ja shi sai ta goce, kuma in ta goce wata shida ba mu gyara ba. Anti, abin da aka yi masa jiya ke nan. Daga yau ko fasto ne, ko liman, kada kowa ya tayar da shi ta hannu."

Ta sa hannu ƙarƙashin allon kafaɗarsa, ta juya shi ta gefe, ta zaunar da shi. Ta sa Tomiwa ta maimaita har sau uku.

Baba Adebayo ya yi dariya da rabin baki. "Malam, ashe kai ma ana korarka daga aji."

Malam Umaru bai yi dariya ba. Ya yi sallama, ya fita.

Ta same shi a waje, suka koma Samaru tare. Ya yi azahar a masallaci, bai shigo cin abinci ba. Naila ta zauna da waya a hannu, ta fito da lambar Kaduna, ta kasa dannawa. A gidansu ba a taɓa jin ɗa ya ɗaga wa uba murya ba, balle a gaban baƙi.

Ƙarfe huɗu saura kwata ya aika a kira ta. Ta durƙusa a ƙofar zaure.

"Baba, a yafe mini. Na yi rashin ladabi."

Ya daɗe yana duban wuyan hannunsa, inda sawun yatsunta bai gama ɓacewa ba.

"Da kin yi mini ladabin da na koya miki, da na ɗauki alhakin bawan Allah da sunan girmamawa. Astagfirullah." Ya nisa. "Amma da farko, da yarinyar nan ta tambaye ki, kin ɓoye gaskiya don kunya. Wannan ne laifinki na yau. Kada ki ƙara."

"In sha Allahu."

"Kowane gida za ki, mahaifiyarki ta san sunansa, kuma magariba ta same ki a nan. Je ki kira mutanen Kaduna, ki yi musu godiya, su ba wani, kada su zauna jira."

Ta tashi. Ya dakatar da ita da hannu.

"Ranar Laraba za ki koma wurinsa, ko? Zan bi ki in ba shi haƙuri. Ki kuma nuna mini yadda ake tayar da mutum. Ladaninmu ma yana kwance, kuma jiya ni na ja shi ta hannu na zaunar da shi."